Wane mutum-mutumi za a tura aikin ceto? Yadda ake lissafin zaɓi da wuraren da lissafin ke yaudara

Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami suka afka wa tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi a Japan. Wuta ta ɗauke, injinan sanyaya tukwanen nukiliya suka tsaya, washegari iskar haidurojin da ta taru a ginin tukunya ta ɗaya ta yi bindiga. Japan ce ƙasar da aka fi sani da mutum-mutumi mai siffar ɗan Adam. A lokacin, ASIMO na kamfanin Honda yana hawa matakala, yana gaisawa da manyan baƙi, amma ba shi aka tura tashar ba. Abin da ya fara shiga gine-ginen tukwanen a watan Afrilu shi ne PackBot na kamfanin iRobot na Amurka, wata 'yar na'ura mai tafiya a kan sarƙa irin ta tankar yaƙi. Daga baya Quince, ƙirar masu bincike a jami'o'in Japan, ya shiga ya hau benaye, har zuwa watan Oktoba da igiyar sadarwarsa ta katse a ginin tukunya ta biyu, aka bar shi a can.

Duk da haka, hujjar masu son siffar mutum tana da ƙarfi. Masana'antu da tashoshin wuta da jiragen ruwa don mutum aka gina su: tsayin matakala, faɗin ƙofa, hannun ƙofa, bawul ɗin da ake murɗawa da hannu biyu, tsani, kujerar direba. Na'urar da ke da tsayi da hannuwa irin na mutum za ta iya amfani da waɗannan ba tare da an sake fasalin ginin ba. Wannan tunani ne ya sa hukumar DARPA ta ma'aikatar tsaron Amurka ta shirya gasa daga 2012 zuwa 2015, kuma sakamakonta shi ne abu na farko da ya kamata duk kwamitin saye ya duba.

An yi zagayen ƙarshe a watan Yunin 2015 a Pomona, jihar Kalifoniya. Ayyuka takwas cikin awa ɗaya: tuƙa ƙaramar mota, fitowa daga cikinta, buɗe ƙofa, murɗa bawul, yanka bango da injin huda, wani aikin ba-zata, tsallake ɓaraguzai, da hawa matakala. Babu igiyar wuta, babu igiyar riƙewa, kuma da gangan ake katse sadarwa tsakanin na'ura da masu sarrafa ta. Cikin ƙungiyoyi fiye da 20, uku kacal suka kammala ayyukan takwas. DRC-HUBO na jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu ya zo na ɗaya da minti 44 da daƙiƙa 28, ya ɗauki dala miliyan 2. Atlas, ƙirar kamfanin Boston Dynamics da ƙungiyar cibiyar bincike ta IHMC ta Amurka ta sarrafa, ya zo na biyu da minti 50 da 'yan kai, CHIMP na jami'ar Carnegie Mellon na uku da minti 55 da 'yan kai. Abin lura: wanda ya ci gasar yana da tayoyi a gwiwa da ƙafa, ya kan durƙusa ya gangara a fili, sai ya miƙe idan an zo matakala. CHIMP kuwa sarƙa ce a gaɓoɓinsa, kuma ya faɗi ya tashi da kansa ya ci gaba. Masu tafiya da ƙafa biyu zalla sun sha faɗuwa. Wani Atlas ɗin, na jami'ar MIT, ya faɗi wajen fitowa daga mota, hannunsa na dama ya lalace, da hagu ya ƙarasa. Aikin da ma'aikaci zai gama cikin 'yan mintuna, gwanin gwanaye ya kwashe kashi uku cikin huɗu na awa.

To ta yaya hukuma za ta zaɓa, alhali wanda ya fi iya tafiya ba shi ne ya fi iya riƙo ba, wanda batirinsa ya fi daɗewa kuma ba shi ne mai ƙarfin hannu ba? Nan ne ake kawo hanyoyin yanke shawara masu ma'aunai da yawa. Amfaninsu na gaske shi ne suna tilasta wa kwamiti ya rubuta abin da ya fi damunsa da lamba, a fili, yadda kowa zai iya ƙalubalanta. Ba sa sanin aikin ceto. Abin da aka zuba musu shi suke niƙawa.

Kafin lissafi: a rubuta aikin, a sa shinge

Kalmar "ceto" ta yi faɗi da yawa. Neman mai rai a ƙarƙashin ginin da ya rufta daban ne da rufe bawul a masana'antar da iskar guba ke yoyo, daban kuma da kashe gobara a cikin jirgin ruwa. A na farko, mutum-mutumi mai siffar mutum kusan ba shi da amfani: ramukan da ke cikin ɓaraguzai ƙanana ne, kuma nauyin kilo 80 ko 150 a kan tsibin da bai zauna ba yana iya danne wanda ake nema. Tun aikin da aka yi a ɓaraguzan cibiyar kasuwanci ta duniya a New York a 2001, ƙananan na'urori masu sarƙa da kamara ake zurawa a irin wannan wuri. A na biyu da na uku ne siffar mutum ke da abin faɗa, shi ya sa sojojin ruwan Amurka suka gwada SAFFiR, ƙirar jami'ar Virginia Tech, wajen riƙe mesar ruwa a cikin jirgi.

Saboda haka takarda ta farko ba jerin kamfanoni ba ce, bayanin aiki ce da lambobi. Matakala nawa, tsayin kowace nawa, a jiƙe take ko a bushe? Faɗin ƙofa mafi ƙanƙanta? Ƙarfin murɗawa nawa bawul ɗin ke buƙata bayan ya yi tsatsa? Mita nawa daga inda mai sarrafawa zai zauna, bango nawa na kankare a tsakani? Zafi nawa, hayaƙi, ruwa, ƙura?

Daga nan ake fitar da shinge, wato sharuɗɗan da duk wanda ya kasa cikawa ya fita tun kafin a fara ba da maki. Wannan mataki shi aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci, dalilin zai fito a lissafin da ke ƙasa. Misalin shinge: idan za a yi feshin ruwa, dole jikin na'ura ya kasance a rufe. Alamar IP ce ke faɗar haka. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga kuma zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, IP54 kuwa fantsamar ruwa kawai yake jurewa. Idan wurin na da iska mai kamawa da wuta, dole a sami shaidar cewa na'urar ba za ta yi tartsatsi ba, irin shaidar ATEX ta Turai. Idan hanya ƙunci ce, kaurin jiki shinge ne. Honda ta ƙera E2-DR da kaurin santimita 25 don ya ratsa tsagi mai faɗin santimita 30. Sai batir: lokacin zuwa, da na aiki, da na dawowa, da rarar aƙalla kashi ɗaya cikin uku. Na'urar da ta mutu a bakin ƙofa ta zama sabon shinge ga 'yan kwana-kwanan da za su biyo baya.

A jerin 'yan takara kuma a sa aƙalla ɗaya wanda ba siffar mutum ba. Idan aka kwatanta masu ƙafa biyu da junansu kaɗai, lissafi zai fitar da zakara ko da dukansu ba su dace ba. A gobarar cocin Notre-Dame ta birnin Paris a Afrilun 2019, Colossus ne ya shiga da mesar ruwa, na'ura mai sarƙa mai nauyin kusan kilo 500. A gasar DARPA ta ƙarƙashin ƙasa da aka kammala a 2021, ƙungiyar CERBERUS ta ci da na'urori masu ƙafa huɗu na ANYmal. Ko WALK-MAN na cibiyar fasaha ta IIT a Italiya, da aka kai shi duba ginin da girgizar ƙasar Amatrice ta 2016 ta lalata, a kan gindi mai taya aka ɗora gangar jikinsa.

Raba muhimmanci da AHP

Bayan shinge, sai ma'aunan da za a iya ciniki a kansu. Hanyar da aka fi amfani da ita wajen raba musu muhimmanci ita ce AHP, wadda Thomas Saaty ya tsara a shekarun 1970. Maimakon a ce wa ƙwararre ya raba kashi ɗari tsakanin ma'aunai, sai a riƙa tambayarsa bibbiyu: tsakanin wannan da wancan wanne ya fi, kuma da nawa? Amsa daga 1 zuwa 9 ce. 1 na nufin daidai suke, 3 ya ɗan fi, 5 ya fi sosai, 9 babu haɗi.

Ga misali na ƙirƙira don a ga yadda ake yi. Aikin shi ne hawa bene a masana'anta a rufe bawul. Ma'aunai huɗu: tafiya, hannu, batir, farashi. Kwamiti ya ce tafiya ta fi hannu da 2, ta fi batir da 3, ta fi farashi da 5. Hannu ya fi batir da 2, ya fi farashi da 3. Batir ya fi farashi da 2. Ana zuba waɗannan a jadawali mai layi huɗu da ginshiƙi huɗu, a sa 1 inda ma'auni ya haɗu da kansa, a sa kishiyar lamba a ɗaya ɓangaren (idan tafiya kan hannu 2 ce, hannu kan tafiya rabi ne). Sai a tara kowane ginshiƙi, a raba kowace lamba da jimillar ginshiƙinta, a ɗauki matsakaicin kowane layi. Abin da zai fito: tafiya 0.48, hannu 0.27, batir 0.16, farashi 0.09.

Kyan AHP shi ne tana kama mai tufka da warwara. Mutum zai iya cewa tafiya ta fi hannu, hannu ya fi batir, sannan ya dawo ya ce batir ya fi tafiya. Akwai lambar daidaito da ake kira CR. Idan ta wuce 0.1 sai a mayar wa mai amsa takardarsa. A misalinmu ba ta kai 0.01 ba. Matsalarta yawan tambaya ne. Ma'aunai huɗu tambaya 6 ne, goma kuwa 45, kuma kafin a kai ta talatin jami'in da ya baro aiki ya zo taro ya fara cika takarda don ya huta. Hanyar BWM ta Jafar Rezaei, ta 2015, ta rage wannan: a zaɓi mafi muhimmanci da mafi ƙaranci, a kwatanta saura da su biyun kaɗai, ma'aunai goma su koma tambaya 17.

Wa ake tambaya ma magana ce. Injiniya zai ɗaga yawan gaɓoɓi da ingancin kamara. Ɗan kwana-kwana zai tambayi minti nawa ake ɗauka daga sauke akwati zuwa fara aiki, da mutum nawa za su ɗaga na'urar idan ta kife. Akanta yana kan farashi. A tambayi kowa daban, a haɗa amsoshin da matsakaicin ninkawa (wanda ake kira "geometric mean"), amma idan ɓangarori biyu sun yi hannun riga kada a binne saɓanin cikin matsakaici. A zauna a kansa, don sau da yawa alama ce cewa ba aiki ɗaya suke hange ba.

Jera 'yan takara, da inda gizo ke saƙar

A ce uku sun rage. A mai ƙafa biyu ne zalla da hannuwa masu ƙarfi. B mai ƙafa da taya ne. C ƙarami ne mai araha. Bayan gwaji an ba su maki daga 0 zuwa 10, kuma a farashi mai araha ne ke samun maki mai yawa. A ya sami 6 a tafiya, 9 a hannu, 4 a batir, 3 a farashi. B ya sami 8, 7, 6, 4. C ya sami 5, 3, 8, 10.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ninka kowane maki da kason ma'auninsa a tara. A zai tashi da 6.22, B da 7.05, C da 5.39.

TOPSIS, wadda Hwang da Yoon suka fitar a 1981, ta bi wata hanya. Tana ƙirƙiro gwani na mafarki wanda ya ɗauki mafi kyawun maki a kowane ma'auni, da kuma rago na mafarki mai mafi muni a kowanne, sannan ta auna nisan kowane ɗan takara daga su biyun. A misalinmu, bayan ninkawa da kaso, gwanin yana da 3.84, 2.43, 1.28, 0.90, ragon kuma 2.40, 0.81, 0.64, 0.27. Nisan B daga gwani 0.83 ne, daga rago 1.83. Ana raba nisan rago da jimillar biyun, B ya sami 0.69. A ya sami 0.56, C ya sami 0.29. Hanyoyi biyu sun yarda da juna, kwamiti sai ya ji daɗi ya sa hannu.

Kada a yi saurin sa hannu. A musanya kason tafiya da na hannu kawai, wato hannu ya koma 0.48, tafiya 0.27, abin da zai iya faruwa idan aka gano bawul ɗin ya fi matakalar wuya. A jimillar sauƙi A zai sami 6.85, B 6.84. Nasarar B ashe a kan ra'ayi ɗaya ta tsaya. Yanzu a ce kwamiti ya kasa daidaitawa, aka ce a yi adalci a ba kowane ma'auni 0.25. A zai sami 5.5, B 6.25, C 6.5. C ya ci, na'urar da ta sami 3 a hannu, wadda ƙila ba za ta iya motsa bawul ɗin ba sam. Araharta da daɗewar batirinta sun rufe mata asiri a takarda. Wannan ita ce cutar duk hanyoyin da ke barin ƙarfi a wani wuri ya biya bashin rauni a wani wuri, kuma jimillar sauƙi da TOPSIS duka haka suke. Da an sa shingen cewa dole a murɗa bawul ɗin a gwaji, da C bai shigo jadawali ba.

Akwai hanyoyin da ba sa yafe mummunan rauni. ELECTRE ta Bernard Roy, daga Faransa a shekarun 1960, tana da abin da ake kira hawa kujerar na-ƙi: idan ɗan takara ya gaza wani da tazara mai yawa a ma'auni ɗaya, ba za a ce ya fi shi ba komai kyansa a saura. VIKOR kuma tana duba jimillar gazawa tare da gazawa mafi muni guda ɗaya, sannan idan tazarar na ɗaya da na biyu ba ta kai ba, sai ta ba da su biyun a matsayin maslaha. Ga aikin da rai ke ciki, waɗannan sun fi dacewa da yadda kwamanda ke tunani a fili, ko da yake sun fi wuyar bayani ga masu sa hannu a kasafi.

Wata matsalar ita ce juyewar jeri. A TOPSIS, gwani da rago daga cikin 'yan takarar ake gina su, don haka shigo da na huɗu, ko da ba zai ci ba, yana iya sauya ragon ya juya matsayin na ɗaya da na biyu. An nuna irin wannan a AHP tun 1983. Maganinsa a kafa iyakar sama da ta ƙasa daga bayanin aiki, ba daga waɗanda suka kawo takarda ba. Haka nan a kula da ƙirga abu ɗaya sau biyu. Yawan gaɓoɓi, da iya riƙo, da iya buɗe ƙofa kusan abu ɗaya suke aunawa. Idan aka jera su a matsayin ma'aunai uku, an ninka wa hannu kaso a ɓoye.

Daga ina makin ke fitowa?

Duk lissafin sama banza ne idan daga takardar talla aka kwafo lambobin. Awa biyu na batir da kamfani ya rubuta yawanci a daɓe mai santsi ne, ba kaya, ba hawa. Bidiyon tsalle da juyi kuwa, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. NIST, cibiyar awo ta gwamnatin Amurka, tare da ƙungiyar ASTM mai tsara ƙa'idojin gwaji, sun tsara gwaje-gwaje na bai-ɗaya ga na'urorin agaji: matakala, gangara, filin gungumen katako masu tsayi daban-daban, gwajin gani, gwajin sadarwa a bayan shinge. Ana maimaita kowane aiki sau da yawa, a rubuta sau nawa aka yi nasara. Nasara ɗaya a gaban baƙi ba shaida ba ce. Kuma ma'aikacin hukumar ne zai riƙe sarrafawa, ba injiniyan kamfani da ya san kowane lungun manhajar ba.

Abubuwa uku sun cancanci gwaji na musamman. Na farko faɗuwa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai ƙafa biyu zai faɗi, tambayar ita ce me ke karyewa, kuma zai tashi da kansa? Na biyu katsewar sadarwa. Kankare mai kauri yana cinye siginar rediyo, igiya kuma tana sarƙewa, kamar yadda ta faru da Quince. A kashe sadarwar da gangan yana tsakiyar matakala a ga abin da zai yi: zai tsaya cak, zai ƙarasa takun, ko zai koma inda ya baro sigina? Na uku gani. Hayaƙi da tururi suna makantar da kamara ta yau da kullum, suna rikita na'urar auna nisa mai hasken lesa. A ginin tukunya ta biyu a Fukushima laima ta rufe gilashin kamarar PackBot. Inda akwai tururin nukiliya kuwa, kamara da ƙananan sassan lantarki ne ke fara mutuwa, kuma garkuwar dalma tana ƙara nauyin da ƙafa biyu ba sa so.

Inda babu yadda za a auna, kamar sauƙin gyara ko amincin kamfani wajen kawo kayan gyara, ana amfani da lissafin "fuzzy" wanda ya samo asali daga aikin Lotfi Zadeh na 1965. Maimakon ƙwararre ya ce 7, sai ya ce "mai kyau", a fassara shi da lambobi uku kamar 5, 7, 9. Yana da amfani wajen nuna rashin tabbas, amma ba ya mayar da zato ya zama awo. Abin da za a iya gwadawa da agogo da ma'auni, a gwada shi.

Farashi ma ba kuɗin saye ba ne kaɗai. Kasuwa ta sauya: a 2024 kamfanin Unitree na Sin ya fitar da G1 a kan kusan dala 16,000, mai nauyin kusan kilo 35, a shekarar kuma Boston Dynamics ya ajiye tsohon Atlas mai aiki da matsin mai ya fito da mai lantarki. Amma ƙaramar na'ura mai araha da aka yi don ɗakin bincike ba a yi ta don ruwa da wuta ba. A ginshiƙin farashi a haɗa batura na canji, hannuwa da gaɓoɓin da za su karye, horar da aƙalla tawaga biyu don aikin dare da rana, motar ɗauka, da kwanakin da na'urar za ta yi a kwance tana jiran kayan gyara daga wata nahiya, duka na tsawon shekarun da ake sa ran amfani da ita.

Rahoton da kwamiti zai miƙa ya ƙunshi jerin da hanyoyi biyu masu tunani daban suka fitar, misali TOPSIS da ELECTRE, tare da jadawalin da ke nuna abin da ke faruwa idan aka ɗaga ko aka sauke kason kowane ma'auni da kashi 10 da kashi 20 cikin ɗari. Idan na ɗaya bai motsa ba, a ci gaba. Idan yana musanya wuri da na biyu kamar A da B na misalinmu, a kawo su biyun wurin da za su yi aikin, a ba su matakala ɗaya da bawul ɗaya, sannan a rubuta sakamakon da aka amince da shi cikin kwangila a matsayin sharaɗin biyan kuɗi.